Ɗakin Ciyawa da Saniyar Inna

Abubuwa da yawa sun kuɓuce mini tun da na fara tsufa, amma ba na jin zan taɓa manta bazarar da muka yi yaɓen ɗakin ciyawa ni da mahaifiyata. Shekaru sun yi nisa, har wasu wuraren ban tabbata ko haka suka faru daidai ba, ko kuwa yawan tunawa ne ya gyaggyara su. Zan dai faɗi abin da na riƙe, inda nake shakka kuma in ce ina shakka.

Ni ɗan fari ne. A ƙauyenmu, can ƙasar Gangara a yankin Damargu, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kakata ce ta yaye ni ta riƙe ni har aka ɗauke ni lakwal, wato makarantar boko. In Inna tana da magana da ni, sai ta fuskanci bango ko tukunya ta ce, "A gaya wa wancan abincinsa na nan." Ban taɓa jin haushin haka ba, domin duk ɗan fari haka ya tashi. Sai dai tun ina yaro nake marmarin in yi mata wani abu da zai faɗi maganar da ni da ita ba mu da damar faɗa.

Da na gama karatun gona da kiwo aka turo ni aiki Tanut. Cikin aikinmu har da koya wa makiyaya tanadin ciyawa. Muna da wani akwatin katako da ake cusa busasshiyar ciyawa a ciki, a tattake ta sosai, a ɗaure da igiya, ta fito dami mai kusurwa huɗu kamar ƙaton bulo. Makiyaya kan tsaya su kalle mu cikin ladabi, su yi godiya, su kora dabbobinsu su wuce. Wani malaminmu ya taɓa nuna mana hoton gida a wata ƙasa mai nisa, wanda aka gina da irin waɗannan dammuna aka yaɓe ciki da waje, ya ce zafi ba ya ratsa shi. Maganar ta zauna mini a rai. Tun kafin rasuwar mahaifinmu Inna take kwana a ɗaki mai rufin kwano, wanda in bazara ta yi sai ya koma tanda, ita kuma tana fama da ciwon ƙirji, numfashi yana yi mata wuya cikin zafi.

Bayan girbin shekarar da ta gabaci babban farin nan na tamanin da huɗu, na ari akwatin daga wurin aiki. Ciyawa ba ta yi yawa ba a shekarar, amma akwai ta a kwaruruka arewa da gari, kuma ba wanda ya damu da ita tukuna. Ni da samarin ƙauye muka yi ta jigila da jakuna, muna tattakawa muna ɗaurewa. Na nemi taimakon wani tsohon magini, aminin mahaifina, wanda muke ce wa Baba. Ya zo ya zagaya tulin dammunan, hannu a baya, ya ce, "Mushe, tun ubanka bai yi aure ba nake gini, ban taɓa ganin wanda ya tada ɗaki da abincin jaki ba." Mushe yake ce mini, kamar yadda ake kiran malaman lakwal, rabi girmamawa rabi tsokana. Duk da haka ya kama aikin. Muka yi tushe da duwatsu, muka jera dammuna muna soke su da tsinkayen itace. Saboda ni kaina ban amince ciyawa za ta ɗauki nauyin rufi ba, sai na sa aka kafa ginshiƙai a kusurwoyi da tsakiyar kowane bango, rufin ya zauna a kansu. Muka yaɓe waje da laka mai kauri kafin damina.

Saura ciki. Baba ya ce a ƙarasa yanzu, tun da ga ruwa ga hannuwa. Ni kuwa tsoro ya kama ni. Na ce wataƙila akwai sauran danshi a tsakiyar dammunan, in an rufe ta kowane gefe za su ruɓe. Wataƙila kuma bangon zai ƙara zama, yaɓen ya tsage. Ga maganar gara. Na ce a bari ya ga damina ɗaya tukuna.

"Danshi a ciyawar Damargu?" in ji Baba, yana dariya. "Mushe, ka jefa mata ashana ka gani."

Inna tana daka a tsakar gida. Ba ta ɗago ba, ta ce da turmi, "A ce da wancan ba gaggawa."

Daminar da na ce a jira ba ta zo ba. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Makiyaya suka yi ta gangarowa kudu, hanyar Tanut zuwa Belbeji ta cika da gawarwakin shanu, har muka daina kawar da kai in mun wuce su. Aiki ya riƙe ni a daji wata da watanni. Dabbobin gidanmu aka sayar da wasu, wasu suka mutu, saura saniya ɗaya ja. Ta Inna ce, tsatson karsanar da mahaifinta ya ba ta ranar da aka kawo ta gidan miji. A lokacin shawarar da muke ba kowa ita ce a sayar ko a yanka a yi kilishi kafin dabba ta faɗi. Na aika wa Inna da wannan shawara ta bakin ƙanwata, wadda take aure a cikin garin. Amsa ta dawo mini cewa, "A ce da shi na ji." Na kuma ji labarin saniya tana nan da rai. Abin da har yau yake ba ni kunya shi ne, ni da nake malamin kiwo, ban taɓa tambayar me take ci ba.

Farkon bazara na samu hutun kwana ashirin. Na zo da rabin buhun farar ƙasa, da niyyar in ƙarasa cikin ɗakin Inna ta shiga kafin zafi ya tsananta. Da na shiga, sai na ga an jingina zana a bangon yamma. Na ɗaga ta. Ramuka ne jere, na zura hannu har kafaɗa, yatsuna suka taɓa bayan yaɓen waje. Abin da na yi shekara ina tsoro shi kaɗai na gani, na ce gara ce. Na ruga na kira Baba. Ya duba, ya shafa bakin ramin.

"Lalle garar nan mai tsabta ce," in ji shi. "Ko ƙasa ba ta bari ba. Mushe, kafin ka yi mata magani, ka tambayi mutanen gida."

Ban fahimce shi ba, ina jin ma ban saurare shi ba. Saboda irin halina, na riga na zo da garin maganin ƙwari da famfon feshi, ko da za a buƙata. Washegari da hantsi, mata sun tafi rijiya, na dama maganin na ɗura a famfo, na ɗaure hanci da rawani, na shiga ɗakin. Na buga famfon, na ɗaga bakinsa zuwa ramin farko. Sai na ji an damƙe mini wuyan hannu.

Inna ce. Ashe ba ta je rijiya ba ranar, ƙirjin ya tashi mata. Tun da na yi wayo ban san ta taɓa jikina ba sai ranar. Hannunta da kaushi, da ƙarfin da ban zata ba. Ta dube ni cikin ido, tana haki, ta ce, "Kada ka zuba." Ni ta gaya wa, ba bango ba. Sannan kamar ta farga, ta sake ni, ta juya ta fuskanci ginshiƙi, ta ce a hankali, "A gaya wa mai ɗakin nan, ba gara ba ce."

Muna tsaye haka sai haske ya ragu a bakin ƙofa. Jar saniyar ce ta zuro kai, haƙarƙarinta duk a waje, tana shinshinar bango kamar wadda ta san hanya.

Ƙanwata ce ta ƙarasa mini labarin da rana. Tun lokacin sanyi, da ciyawa ta ƙare ƙaf a ƙasar, Inna take shiga ta zaro rungume ɗaya da safe, ɗaya da yamma, ta yayyafa ruwan kanwa ta ba saniyar. Ta hana kowa ya gaya mini. "Ta ce kaɗan za ta ɗiba, inda yaɓe zai rufe," in ji ƙanwata. "Yaya, kunya take ji. Kai ka gina mata, ita tana rushewa." Ban ji haushi ba ko kaɗan. Abin da ya tsorata ni shi ne tunanin da a ce ta je rijiya ranar. Da na feshe bangon, da yamma ta zaro ta ba saniyar da hannunta.

Kwana biyu na yi ina zagaya ɗakin da littafi, ina auna kaurin bango, ina ƙiyasta abin da saniya za ta ci a rana, da kwanakin da suka rage kafin ruwa, in ruwan zai zo. Duk lissafin da na yi sai in soke shi. In na yaɓe ciki, Inna ta samu ɗakin sanyi, saniya ta mutu. In na bari, ɗaki ya zama kwasfa, kuma ba tabbas saniyar za ta kai. Rana ta uku Baba ya zo ya same ni a tsugune.

"Mushe, rufe littafin nan. Ɗaki kake so ko saniya?"

Na ce, "Baba, ni dai so nake Inna ta samu sanyi."

"To, ka tambaye ta inda sanyinta yake."

Ban iya tambayarta kai tsaye ba. Na tsaya a tsakar gida na gaya wa ƙanwata, ita kuma ta maimaita, ko da yake Inna tana zaune tsakaninmu tana jin komai. Ta daɗe tana juya ƙwaryar da ke hannunta, sannan ta ce, "Saniyar nan in ta tafi, ba sauran abin gidan ubana a duniya." Ta ajiye ƙwaryar. "Amma ɗaki nasa ne. Abin da ya ce shi ke nan."

Ban san ko dabara ce ko tsoron yanke hukunci ba ne, amma abin da na ce shi ne a raba. Bangon gabas, inda hadari yake bugowa, a yaɓe shi a gama. Sauran ukun na saniya ne. Tun da rufi a kan ginshiƙai yake, ba zai faɗo ba. Baba ya gyaɗa kai ya ce yau dai karatu ya yi rana.

Yaɓe a shekarar fari ba ƙaramin aiki ba ne. Rijiyarmu mai zurfi ce ƙwarai, kuma dabbobin da ke jan guga sun ƙare, mutane ne suke ja. Tulu biyu muke samu a rana ban da ruwan sha, Inna ta riƙa tara mana har ruwan wanke kwanuka. Muka jiƙa laka ta kwana uku. Dole a cuɗa ta da dakakkiyar ciyawa da kashin shanu don kada ta tsage, ga shi duk garin ba ko ɗaya. Sai muka share ɓurɓushin da saniyar ta bari, muka kuma tattara kashinta. Baba ya ce, "Ka gani, ita ma ta sa hannu a gininta." Shi ya yi shafen farko, laka mai ruwa-ruwa, yana cusa ta cikin ciyawa da yatsu don ta kama. Ya yi na biyu mai kauri, ya daidaita. Da ya sha iska sai ya wanke hannu ya ce saura na ƙarshe, shi kuma aikin mata ne, ba ya yi. Ƙanwata tana da goyo da layin rijiya. Ya rage daga ni sai Inna.

Kwana uku muka yi a gaban bangon nan, ita a dama ni a hagu, ƙwaryar laka a tsakani. Da tafin hannu take shafawa, siriri-siriri, in ya fara bushewa ta bi shi da wani dutse mai santsi tana gogawa har ya yi sheƙi. Ni ina kwaikwayonta. "A ce da wancan ba takarda yake shafawa ba," in ji ta, "ya danna." Na danna. "A ce da shi kuma ba faɗa suke yi da bangon ba."

Bango take yi wa magana kamar yadda ta saba. Sai dai wannan karon ni ma bangon nake fuskanta, kuma ba kowa a ɗakin, don haka sai abin ya zama hira. Ta ba bango labarin mahaifinta, makiyayi ne arewa da Belbeji, mai tsananin shiru. Ta ce ranar da za a kawo ta bai ce mata komai ba, igiyar karsana kawai ya miƙa wa ƴan rakiya ya juya. Kwana biyu suna tafiya, tana bisa raƙumi a lulluɓe, ba abin da take ji na gida sai kukan karsanar a bayanta. A rana ta biyu ta aikinmu ta ba bango labarin wani jariri da aka kai wa kakarsa, yadda uwarsa takan ɗauki tulu kamar za ta rijiya, ta bi ta bayan danga ta tsaya ta ji ko yana kuka. Ta ce ranar da aka zo ɗaukar yaran lakwal, uwar nan rumbu ta shiga wai za ta ɗebo gero, ba ta fito ba sai da motar ta ɓace. Ina tsoron in na yi magana ta tuna ina wurin ta daina. Na dai ci gaba da guga, wuri ɗaya nake ta gogawa, har ta ce a gaya wa wancan zai huda bangon.

Rana ta uku ta rarake ɗan gurbi na ajiye fitila, ta ja layuka da yatsu uku daga wannan kusurwa zuwa waccan, irin adon ɗakunan garinsu. Muka shafa farar ƙasa. Ƙanwata ta gayyato mata aka yi daɓe, suka zuba tsakuwa, suna yayyafa ruwan bagaruwa suna bugu da madaɓai, suna waƙa suna tsokanata, wai Mushe ya je birni ya koyo yadda ake gina wa saniya rumbu. A irin shekarar nan ba a cika jin dariya ba, ranar an yi ta. Muka rufe sauran bangaye da zana, aka kai gadon Inna jikin bangon gabas. Da safen da zan koma, ina ɗaure kaya, na ji ta ce da murhu, "A ce da shi ɗakin da sanyi."

Wata huɗu ta yi a cikinsa, in ban yi kuskure ba. Ina aiko da gurya da dusa in na samu. Inna ta riƙa ɗiban wa maƙwabciyarta mai akuya biyu daga ciyawar, abin da bai shiga lissafina ba. Saniyar ta rame har sai an sa sanduna an ɗaga ta da safe. Ciyawar bango na uku ta ƙare wajen kwana goma kafin sabuwa ta tsiro. Ban sani ba a lokacin, daga baya ƙanwata ta gaya mini. Ta ce Baba ya zo da gatari ya ce bari ya fasa yaɓen gabas, akwai dammuna lafiyayyu a ciki da za su kai saniyar gaci. Inna ta tsaya a gaban bangon ta ce, "Wannan ba na saniya ba ne." Ta yi kwanakin nan tana yawo da ƙirjinta mai ciwo, tana kakkaɓo ganyen aduwa, tana zare tsohuwar jinkar rumbu. Saniyar ta kai, da ƙyar.

Cikin watan takwas aka yi ruwa mai iska da rana, Inna tana gona. Bangayen nan uku, da ba komai a cikinsu sai yaɓen waje, suka zube. Na gabas ya tsaya. Ta koma ɗakin kwano, na aika mata cewa bayan girbi zan sake ginawa. Bayan girbi na ga ciyawa ba ta gama farfaɗowa ba, na ji nauyin in kwashe ta in yi gini mutane suna neman ta dabbobi. Na ce baɗi. Baɗi aka mayar da ni Belbeji, na fara tunanin ko tubali zai fi, ko a haɗa biyun, na yi ta tambayar masana. Bazara ta uku ƙirjin ya tashi mata, aka aiko mini, kafin in iso an kai ta. A ɗakin kwano ta cika.

Na sha zama in auna abin. Jinkirina na farko shi ya bar bangon a buɗe har saniya ta rayu, ba da sanina ba. Na biyu kuwa ya hana uwata ɗaki. Ba zan ce na san yadda mutum zai bambanta su tun kafin su wuce ba, ni dai ban sani ba. Abin da na tabbata da shi kaɗan ne. Duk mai tsohuwa a raye, kada ya jira sai komai ya daidaita kafin ya yi mata abin da ya yi niyya. Ko ɓangare ne ya yi, kuma in da hali su yi shi tare, domin wataƙila zaman da za su yi ya fi abin da za a gina. Ni kwana uku na samu. Duk rayuwata ana yi mini faɗan yawan jinkiri, amma da na san su ke nan, da na ja aikin nan ya kai mako.